Kafin katafila ta iso: wa ke yanke makomar unguwanninmu a Sudan?

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, a yaƙin da ya ɓarke a 2023, mutane suka fara komawa gidajensu, magana biyu ce a bakin hukumomin jihar: sake gina birni da tabbatar da tsaro. A ƙarƙashin inuwar waɗannan biyun aka shiga rusa abin da ake kira sakan ashwa'i, wato unguwannin da aka gina ba bisa tsarin hukuma ba, da hujjar cewa sun zama maɓoyar ɓarayi da kasuwar kayan sata. Duk Bahaushen da ya san tarihin zamanmu a ƙasar nan ya san maganar ta shafe mu, domin danginmu da dama a gefen Khartum, da garuruwan gabas, da sansanonin leburorin gona na Jazira da ake kira kanabi, a kan ƙasar da ba su da takardarta suke kwana suke tashi.

A ganina matsalarmu ba rashin haɗin kai wajen aiki ba ce. Idan gayya ce, ko haƙa magudana, ko sintirin dare, ko tukunyar ciyar da mabuƙata, ba a bar mu a baya ba. Inda muke makara shi ne wurin da ake yanke shawara. Makomar unguwa a ɗakuna uku ake yanke ta: ɗakin da ake zana taswira, ɗakin da ake rubuta sunayen waɗanda suka cancanci fili, da ɗakin da ake yanke cewa unguwa kaza barazana ce ga tsaro. Mu kuwa sai ranar da katafila ta tsaya a bakin layi muke taruwa, mu yi ta ihu bayan hari.

Mu fara da ƙasar kanta. A 1970 gwamnatin Numairi ta kafa dokar da ta ce duk filin da ba a yi masa rajista ba mallakar gwamnati ne. An shafe dokar a 1984, amma asalin hukuncin ya ci gaba da aiki a cikin dokar mu'amalolin farar hula da ta biyo baya. Daga nan mazauna birni suka kasu gida biyu. Akwai mai shahadar bahas, takardar da ofishin rajistar filaye ke bayarwa, wanda in za a taɓa gidansa sai an yi maganar diyya. Akwai kuma mai hiyaza, wanda hujjarsa ita ce ya daɗe a wurin, ko ya saya daga hannun wanda ya riga shi, da 'yar takardar da shaidu biyu suka sa wa hannu. Wannan na biyun ko kakansa ne ya sare dajin, a idon doka baƙo ne a filin gwamnati.

A kan wannan aka ɗora tsarin da Turawan Ingila suka bari, na raba filayen zama daraja uku. Daraja ta ɗaya da ta biyu manyan filaye ne da ake sharɗanta gini da bulo da siminti, ta uku kuwa ƙananan filaye ne da ake barin talaka ya yi ginin jalus, wato na laka. Bambancin ya wuce girman fili. Kwalta da famfo da fitilar titi su ma darajar suke bi. Manyan taswirorin Khartum kuwa kusan duk daga ofisoshin ƙwararru na waje suka fito: kamfanin Doxiadis na Girka a 1959, kamfanin Mefit na Italiya a shekarun 1970, Doxiadis kuma tare da injiniya Abdulmun'im Mustafa a 1991, sai Mefit ya sake dawowa a 2008 da tsarin da aka ce zai kai 2033. Ban ce masu zanen ba su san aikinsu ba. Amma birnin ya riƙa girma da gudun da ya fi na alƙalaminsu, saboda farin tsakiyar shekarun 1980 da yaƙin kudu sun koro dubun dubatar mutane, kuma babu wanda ya je rakuba, wato rumfar da talaka ke kafawa ya zauna, ya tambayi waɗannan mutane inda suke zuwa aiki da asuba.

Shekarun 1990 su ne darasin da ya kamata kowane matashinmu ya haddace. A 1990 aka fitar da hukunci mai lamba 941 kan unguwannin da ba su da tsari, kuma ministan jihar Khartum mai kula da gidaje a lokacin, Sharafuddin Bannaga, shi ya jagoranci aiwatarwa. Wasu unguwannin an daidaita su a inda suke, an buɗa musu tituna, an ba mutane lambobin filaye. Wasu an kwashe su zuwa garuruwan Darus Salam a bayan Umdurman da Jabal Auliya da Bahri. 'Yan gudun hijira kuwa aka tura su sansanoni irin su Wad al-Bashir da Mayo. A wannan zamanin ne aka tashi Ishash Fallata, tsohuwar unguwar Hausawa da Fulani da Barebari a kudancin Khartum, aka mayar da mutanenta unguwar Inƙaz. Gaskiya ce da yawa sun samu fili na halak da takarda, abin da ba su da shi a da, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma an nesanta su da kasuwa da wuraren da suke neman abinci, filin da suka bari kuwa ya yi tsadar da babu ɗayansu da zai iya sake taka shi.

Inda ake raba mai samu da mai rasawa shi ne ranar hasar, ranar ƙidayar gidaje. Ga yadda abin yake gudana. Ayari ya shigo da hantsi, ma'aikacin filaye da littafi, ɗan sanda, da wani ɗan kwamitin unguwa yana nuna musu hanya. A tsaya a ƙofar gida, a tambayi sunan maigida, a shafa lamba da fenti a jikin bango ko kyauren langa-langa, a wuce. Maigidan yana Gadarif wajen yankan riɗi, ko ya fita tun sassafe da tiren agashe. Matarsa ta leƙo ta bayan labule, ba ta san a wace jaka takardun suke ba, kuma ba ta saba tsayawa da baƙin maza ba. A gidan akwai 'ya'yansa uku masu aure, kowa da ɗakinsa da tukunyarsa, amma aka rubuta su iyali ɗaya, fili ɗaya. Ɗan haya da ya shekara ashirin a wurin ba a ma tambayi sunansa ba. Bazawarar da ke riƙe da marayu an ce ta kawo namijin da zai tsaya mata. Minti biyar aka yi a ƙofar gidan. Bayan shekara biyu, in jerin sunaye ya fito aka manna a bangon mahalliya, wato ofishin ƙaramar hukuma, sai a fara safa da marwa da takardar ƙorafi, a ce maka an rufe littafi.

Ga mu Hausawa akwai wani ƙarin shinge, shi ne takardar zama ɗan ƙasa, domin ba a ba wanda ba ɗan Sudan ba filin gwamnati. Dokar 1957 ta sharɗanta cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ku duba wannan rana da kyau. Yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, a 1903 aka yi shi, kuma bayansa ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso gaɓar Nilul Azraƙ da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wato da layi ɗaya na doka aka bar zuriyar wannan hijira, da dubban alhazan ƙafa da suka zauna suka yi aikin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, a wajen ƙofa. Daga baya an sassauta ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956. A takarda an warware. A gaban tagar ofis kuwa har yanzu akwai wanda sunan kakansa kawai zai sa a ce ya je ya kawo shaidu daga dangin uba da takardar umda, wato dagaci, kafin a ba shi raƙam waɗani, lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ba shi da wannan lamba, ba shi cikin hasar, ba shi cikin ƙuri'ar filaye, kuma da wuya ya zauna a kujerar kwamiti.

To, kwamitin fa? Nan ne ya kamata a ce muryar talaka take. Gwamnatin Bashir ta kafa lajna sha'abiyya, wato kwamitin jama'a, a kowace unguwa. A lokacin ita ke ba da shahadar sakan, takardar da ke nuna kai mazaunin unguwa ne, wadda ba ta yiwuwa a sa yaro makaranta ko a nemi fili ba tare da ita ba. Ita ke rabon sukari a zamanin kati, ita ke raka masu hasar. Ƙarfi ne babba a hannun mutum goma sha wani abu. Sai dai kowa ya san yawancinsu idon jam'iyyar da ke mulki a lokacin ne a cikin unguwa, kuma 'yan amshin shata sun fi masu faɗin gaskiya yawa a ciki. Mutanenmu da yawa sun ɗauke ta abin 'yan siyasa, suka ja jiki. Na fahimci dalilinsu, amma jan jikin ya yi tsada, don kujerar da ka ƙi zama ba ta kwana babu kowa a kai.

Juyin 2019 da ya kifar da Bashir ya kawo wani salo. Kwamitocin gwagwarmaya, waɗanda suka fara ɓulla tun zanga-zangar 2013, su suka riƙe unguwanni, kuma a ƙarshen 2019 aka maye gurbin lajna sha'abiyya da kwamitocin sauyi da hidima. Samari da 'yan mata suka riƙa tsayawa a gidajen burodi suna ƙirga buhunan fulawa, suna rubuta layin tukwanen gas. A karon farko mutane suka ga kwamitin da ake zaɓa a fili a dandalin unguwa. Yana da nasa aibin: wani wuri masu baki sun danne marasa baki, wani wuri an raina dattawa. Amma ya nuna ana iyawa. Juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 ya karya masa gwiwa, a farkon 2024 kuma hukuma ta rusa kwamitocin ta ce a naɗa na riƙon ƙwarya. Da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, daga cikin waɗannan matasan ne ɗakunan agajin gaggawa suka fito, suka buɗe takiyya, wato wurin ciyar da jama'a kyauta, suna dafa wake da adas wa unguwa guda, suka riƙe asibitocin sha-ka-tafi, suka binne gawawwaki. Duniya ta yaba musu har an gabatar da sunansu don kyautar Nobel ta zaman lafiya. Tambayar da nake yi ita ce, waɗanda suka ciyar da unguwa lokacin da babu hukuma, an kira su teburin da ake zana makomarta yanzu da hukuma ta dawo?

Maganar tsaro ita ce ta fi sarƙaƙiya, kuma ba na son a ɗauka ina wanke kowa. Akwai sata, akwai fashi. Tun kafin yaƙi 'yan tis'a ɗawila, masu fizgen waya da jaka a kan babur, sun hana mata fita bayan magariba, kuma wawashe gidajen da aka yi a Khartum lokacin yaƙi abu ne da ya taɓa kusan kowane iyali. Wanda ya dawo ya tarar an cire har wayar lantarkin bangonsa yana da haƙƙin ya yi fushi. Kuskuren shi ne a ɗauki laifin mutane a jingina wa unguwa sukutum. Ɓarawo yana da suna, yana da gida, kuma maƙwabtansa sun fi kowa saninsa, sun kuma fi kowa shan wahalarsa. Idan aka rusa unguwar, shi ɓarawon ya koma wata da sana'arsa, mai sayar da shayi da almajiran halwa, wato makarantar allo, su ne za su kwana a fili. An ga inda amfani da ƙarfi ba tare da shawara ba ya kai a Soba Aradi a watan Mayu 2005, lokacin da aka je kwashe mutane aka yi arangama, 'yan sanda 14 suka mutu tare da fararen hula.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rashin tsaro sau da yawa ɗan rashin tsari ne. Unguwar da hukuma ba ta amince da ita ba, ba a ja mata wuta, saboda haka duhu ne. Ba a buɗa mata titi, saboda haka motar 'yan sanda ba ta shiga sai ranar kame. Ba a gina mata sakandare, saboda haka yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana zaune a kan dakali tun safe. Sai a juyo a ce wurin maɓoyar miyagu ne. A shekarun 1990 an kakkafa ƙananan ofisoshin 'yan sanda a cikin unguwanni da sunan basɗul amni, daga baya aka zo da maganar 'yan sandan al'umma. Tunanin mai kyau ne, amma a wurare da yawa mutane sun fi ganinsu wajen kamen mata masu sana'a a bakin titi, ba wajen bin sawun wanda ya fasa shago ba, saboda ba mazauna ne ke faɗin abin da ya fi damunsu ba.

Sintirin sa-kai shi ma yana da fuska biyu. Samari shida da tocila da usur da gora, suna zagaye daga sha biyun dare zuwa kiran assalatu, kowane gida yana ba da na shayi da batir, wannan ya tsare unguwanni da yawa. Amma ranar da suka kama wani fa? In babu dattijon da zai ce a kai shi ofis, in babu ƙa'idar da aka yarda da ita tun farko, sai a wayi gari da gawa, kuma sau da yawa gawar baƙo ce da bai iya bayanin kansa ba. Mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron wannan. A lokacin yaƙi an yi ta maganar baƙin fuskoki, ana tsare mutum a shinge saboda kamanninsa ko lafazinsa, kuma abin da ya samu mazauna Kambo Ɗayba a Jazira a watan Janairu 2025 ya nuna inda zargin taron dangi yake kaiwa. Yanzu makamai sun cika hannaye. Sintirin da ba shi da rajistar sunaye a wurin kwamiti da ofishin 'yan sanda, wanda ba a san wa yake ba shi umarni ba, tsakaninsa da zama ƙungiyar 'yan bindiga taku kaɗan ne.

Wasu daga cikinmu sun ga cewa mafita ita ce sarauta, a samu namu sarki a cikin tsarin idara ahliyya, wanda Numairi ya rusa a farkon shekarun 1970 aka sake farfaɗo da shi daga baya. Buƙatar tana da dalili, don umda da nazir, wato shugaban ƙabila, su ake kira zaman sulhu, su ke sa hannu a takardu. Amma a Sudan ana ɗaure wannan sarauta da mallakar ƙasar ƙabila, kuma wannan ƙullin ne ya fashe a jihar Nilul Azraƙ a watan Yuli 2022, inda aka kashe sama da mutum 100 a Rusairis da kewayenta, sannan a Oktoba aka kashe wajen 200 a Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajen da aka haife su a ciki. Ba na ɗora laifin jinin a kan masu neman wakilci. Ina dai cewa a cikin birni akwai ƙofar da ta fi wannan faɗi, wadda ba ta tambayar ƙasar kakan wa ce: ƙofar zama mazaunin unguwa. A kwamitin murabba'i kaza, wato wani sashe na unguwa, Bahaushe da Banube da Baja'ale da Bahadandawe matsalarsu ɗaya ce, ruwan famfo da kwata da fitila. Ƙawancen da aka ƙulla a kan kwata ya fi wuyar wargazawa da huɗubar ƙabilanci.

Kuma hukuma ita ma tana asara in ta ƙi tambaya, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ambaliyar Agusta 2013 ta yi ɓarna sosai a Sharƙun Nil, kuma cikin dalilan da aka yi ta ambata akwai gine-gine da hanyoyin da suka tare bakin koramu. Tsoffin makiyaya da manoman wurin sun san ta inda ruwa ke bi tun kafin a haifi mai zanen. Mutanen tsibirin Tuti kuwa tun ambaliyar 1946 suke da tsarin taya, inda ake raba gaɓar kogi kashi-kashi, kowace ƙungiya da wurin da take gadi dare da rana da buhunan yashi. Ba ma'aikatar da ta koya musu.

Abin da za a iya yi tun yanzu ba ya buƙatar jiran wata sabuwar doka. Kowace unguwa ta yi nata hasar kafin na hukuma ya zo: littafi guda, gida gida, iyali nawa ne a ciki, tun yaushe suke, wa ke haya, wa ke gudun hijira bai dawo ba tukuna, wa ya rasa takardunsa a yaƙi. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, rasiɗin wuta, katin makarantar yara, takardar aure, a ajiye kwafi a wajen mutum fiye da ɗaya. Matan da suka yi karatu su shiga gidaje su rubuta na mata, don akwai ƙofofin da namiji ba zai wuce zaurensu ba. Waɗanda ba su da raƙam waɗani a tara su a raka su ofis a ƙungiyance tare da shaidunsu, maimakon kowa ya je shi kaɗai a juya shi.

Sannan a shiga kwamiti, ko na naɗi ne, ko ba a son wanda ya naɗa shi. Wanda aka tura kuma ya san abin da zai nema a mahalliya: a manna taswirar a masallaci da makaranta kafin a amince da ita, a sanar da ranar hasar da wuri kuma kada ta faɗo a tsakiyar kaka lokacin da maza ke gonakin Gadarif, a karanta jerin sunaye a bainar jama'a a ba da wa'adin ƙorafi, in kuma tashi ya zama dole a nuna sabon wurin da ruwansa da motar hayarsa kafin a taɓa bango ko ɗaya. Taron unguwa a sa shi bayan la'asar ranar Juma'a ko Asabar, ba ƙarfe goma na safiyar Litinin ba, a kuma fassara abin da injiniya ya faɗa ga tsofaffin da Larabcin ofis ke ba wuya. A ɓangaren tsaro, a nemi zama na wata-wata da shugaban ofishin 'yan sandan yankin, mata masu shayi da direbobin raksha, wato babur mai ƙafa uku, su kasance a ciki, domin su ne a kan titi daga asuba har dare, a rubuta abin da aka yanke, wata mai zuwa a buɗe littafin a ga wanne aka cika.